Simintin da ake haɗawa da ƙonannen yumɓu: zai sauko da kuɗin buhu kuwa?

Abu_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya ƙanena da ke karatun injiniyan gine-gine ya zo hutu, yake ba ni labarin wani siminti da malaman wata jami'a a ƙasar Suwizalan suka fito da shi, wai shi LC3. Ya ce rabinsa ne kawai simintin da muka sani, sauran yumɓu ne da aka ƙona da garin dutse, kuma wai ƙarfinsu ɗaya da wanda muke saye. Ni kuwa ginina shekara biyu ke nan yana tsaye a linta saboda tsadar siminti. Masana, da gaske ne, ko irin karatun nan ne da ake bai wa yara don su ci jarrabawa? In da gaske ne, zai sauko da kuɗin buhu? Ni wannan ne ya dame ni.

Birkila_Kurna:
Wa alaikumus salam. Yumɓu a cikin siminti? Alhaji, shekarata ashirin da biyu a bakin gini. Abu na farko da maigidana ya koya mini shi ne yashin da ke da laka ba a kwaɓa siminti da shi, don filasta tsagewa za ta yi. Yau kuma a ce da gangan za a zuba laka a buhu? To Allah ya kyauta.

Injiniya_Sadiya:
Oga Birkila, gaskiyarka a kan ɗanyar laka, amma ba ita ake nufi ba. Bari in ɗan warware, ku yi haƙuri da tsawon.

Simintin da muke saye, jigonsa wani abu ne da ake ce wa kilinka. Dutsen farar ƙasa ake haƙowa, irin na Ashaka da Kalambaina da Obajana, a niƙa shi da 'yar ƙasa, a tura cikin wani dogon tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1450. Sai ya fito a dunƙule kamar tsakuwa. Ita ce kilinka. A niƙe ta da ɗan wani farin ma'adini da ake ce wa jifsam, a ɗura a buhu. Tun 1824 da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Potlan a Ingila, kusan a kan wannan hanyar ake.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shi kansa dutsen in ya ji wuta iskar kabon yake saki, kusan kashi 44 cikin 100 na nauyinsa sama yake tafiya. Wato ko da hasken rana ka hura tanderun, wannan iskar sai ta fita. Kusan kashi 60 na hayaƙin siminti daga dutsen yake, sauran daga gawayi ko gas ɗin da aka ƙona. Duniya na yin siminti kimanin tan biliyan 4 duk shekara, shi ya sa ake ɗora masa kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki.

Shi LC3 dabararsa a rage kilinkar ne: kilinka kashi 50, ƙonannen yumɓu 30, garin dutsen farar ƙasa ɗanye 15, jifsam 5. Yumɓun zafin wajen digiri 800 ya ishe shi, kuma ruwa kawai yake fitarwa, ba kabon ba. Da haka hayaƙin ke raguwa da kashi 30 zuwa 40. Farfesa Karen Scrivener ta jami'ar EPFL da ke Lozan a Suwizalan ce ke jan ragamar aikin, tare da Farfesa Fernando Martirena na jami'ar Las Villas a Kuba da kuma cibiyoyin fasaha na IIT da ke Delhi da Madras a Indiya. A 2014 gwamnatin Suwizalan ta ɗauki nauyin aikin da kuɗinta. Ba labarin jarrabawa ba ne.

Birkila_Kurna:
Hajiya Injiniya na ji. Amma me zai sa ƙonanniyar laka ta kama? Tukunya ma ai ƙonanniyar laka ce, in na dake ta na zuba ruwa ba za ta sandare ba.

Injiniya_Sadiya:
Tambaya mai kyau wallahi. Ita kaɗai ba za ta kama ba. Idan kilinka ta sha ruwa ta fara sandarewa, tana barin wani ragowar farar ƙasa a cikin kankaren wanda ba wani ƙarfin kirki yake ƙarawa ba. Ƙonannen yumɓun shi ke cinye wannan ragowar, su haɗu su zama abin da ke ɗaure yashi da tsakuwa, ƙananan ramukan cikin kankaren kuma su toshe. Shi ya sa gishiri ba ya saurin ratsa shi ya kai ga rodi. Amma ba kowane yumɓu ba, sai mai ɗauke da kawolin, wato farin yumɓu, aƙalla kashi 40.

Dan_Takari77:
Ni fa duk zancen hayaƙin nan bai shige ni ba. Su da suka gina ƙasashensu da siminti shekara ɗari biyu, suka cika sama da hayaƙi, yanzu da mu za mu fara ne za a ce mu koma laka? A kai kasuwa.

Malamin_Firamare:
Dan_Takari, ka karanta abin da Injiniya ta rubuta kuwa? Babu wanda ya ce a daina gini. Cewa aka yi tan ɗaya na kilinka ya yi aikin da a da sai kusan biyu. Wannan ai mu ya fi wa amfani, mu da muke da gini a gaba. Su sun gama nasu.

Dan_Takari77:
Sai mun gani a ƙasa, Malam.

Mai_Shago_Singa:
Ku bari in faɗa muku ta bakin ɗan kasuwa. Alhaji Abu_Hanifa, kar ka sa rai. Ko da kamfani ya samu sauƙin kuɗin haɗawa, wa ya ce zai rage maka? Ku tuna watan Fabrairun 2024, buhu ya haura naira dubu 10, sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin aka ce a sayar tsakanin dubu 7 da dubu 8. A lokacin dutsen ne ya ƙare? Dutse na nan jibge. Dala ce ta tashi, gas da dizal suka tashi, kuɗin tirela ya tashi, kuma masu yin simintin ba su da yawa, ba wanda ke tsoron wani zai karya masa farashi. Yumɓu ba zai gyara wannan ba.

Zango_Ashaiman:
Salamu alaikum 'yan'uwa, daga Ghana nake. Mu nan abin ya wuce zance. Ghana ba ta da wadataccen dutsen farar ƙasa, kilinka a jirgin ruwa ake kawo mana ita ta Tema da Takoradi, da dala. Shi ya sa kamfanin CBI tare da Heidelberg suka gina masana'antar ƙona yumɓu a nan Tema, kusa da mu, wadda aka tsara ta fitar da sama da tan dubu 400 a shekara. Lissafinsu a fili yake: duk tan ɗin yumɓun gida da ya shiga buhu, kilinkar waje ce ba a saya ba. A Abijan da Kribi ta Kamaru ma kamfanin Cimpor ya yi irinta.

Mai_Shago_Singa:
Yawwa, ka ga ka ƙarfafa maganata. Ku dole ce ta sa ku, don ba ku da dutse. Mu Najeriya dutse ya yi mana yawa, daga Sakkwato har Kalaba. Wanda ya riga ya kashe biliyoyi ya kafa tanderun kilinka, me zai sa ya yi gaggawar kafa na yumɓu?

Injiniya_Sadiya:
Akwai abin da zai sa shi, Alhaji. Wutar da za ta kai 1450 da wadda za ta tsaya a 800 ba kuɗinsu ɗaya ba. Sannan da kilinkar da yake da ita yanzu zai iya cika buhuna fiye da na da, ba tare da ya gina sabon babban tanderu ba. Kuma ku sani, yawancin simintin da ke kasuwarmu yanzu ma ba zallar kilinka ba ne, an riga an gauraya shi da garin dutsen farar ƙasa, ku duba jikin buhu za ku ga an rubuta CEM II. A Turai tokar gawayin tashoshin lantarki da kashin ƙarfe suke sa wa, mu ba mu da su da yawa tunda Ajakuta ba ta narka ƙarfe. Abin da muke da shi yumɓu ne: ga Ƙanƙara a Katsina, ga Alkaleri a Bauchi, ga Filato. Amma kan ko ragin zai iso hannun mai saye, nan kam ina tare da kai, ba aikin ɗakin gwaji ba ne.

Maman_Iman:
Ku tsaya kun rikita ni. Farar ƙasar da ake shafa wa ɗaki, da farar ƙasar Ƙanƙara, da dutsen farar ƙasan da kuke ta faɗa, duk abu ɗaya ne?

Ɗalibin_Samaru:
Mama ba ɗaya ba ne, sunan ne ya haɗa su. Na Ashaka dutse ne, in ka ɗiga masa ruwan batir sai ya yi kumfa. Ta Ƙanƙara kuwa yumɓu ce fara, ita ce kawolin, wadda ake sa wa a fenti da tangaran da takarda. Daɗin abin ma, LC3 ba ya buƙatar fara ƙal ɗin nan mai tsada. Wadda ta gauraya da ja, wadda masu haƙa ke turewa gefe, ta wadatar.

Tsohon_Ɗalibi_09:
Wannan zancen ya tono mini wani tabo. A shekarar ƙarshe ta jami'a, aikin bincikena a kan tokar ɓuntun shinkafa na yi. Na je injin casa na cika buhuna kyauta, don su ƙone shi suke yi ya dame su. Na ƙona, na tankaɗe, na maye gurbin kashi 10 na siminti da ita, na zuba 'yan ƙananan kankare, na jiƙa su a ruwa kwana 28, muka fasa da injin gwaji. Ƙarfin bai yi ƙasa da na zallar siminti ba. Na ci maki mai kyau. Yau shekara goma sha wani abu, littafin na can a kan kanta yana shan ƙura, tare da na wanda ya yi a kan tokar ɓawon gyaɗa, da na wadda ta yi a kan tokar rake, da na totuwar masara. Kowace shekara sai an sake irinsa. Ni yanzu POS nake yi.

Abin da ya bambanta mu da mutanen Lozan ba ƙwaƙwalwa ba ce. Su ba su tsaya a ɗakin gwaji ba. Tun 2013 suka shiga masana'antar Siguaney a Kuba suka yi shi da yawa, aka yi gini da shi, suka bi hukumomin ƙa'ida har Turai ta fitar da ƙa'idar da ta yarda kilinka ta sauko kashi 50 a 2021, Indiya ma ta fitar da tata a 2023. In babu ƙa'ida, babu injiniyan da zai sa hannu a gininka, komai kyan sakamakonka.

Malamin_Firamare:
Allah sarki. To me ya hana ku ku haɗu ku riƙa ƙona ɓuntun kuna sayarwa?

Tsohon_Ɗalibi_09:
Malam ba a ƙona shi kara zube. In wuta ta yi kaɗan sai ya bar baƙin gawayi, in ta wuce wajen digiri 700 sai tokar ta koma kamar yashi, ba ta aiki. Sai da tanderu mai ma'auni. Kuma ɓuntu ba shi da auki: buhu biyar na nauyinsa da kyar ya ba ka ɗaya na toka. Nan yumɓu ya fi shi, don shi ƙasa ce, ba ta jiran kaka. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta kafa ƙananan masana'antun gwaji na irin wannan garin a Ota da Bokkos.

Baba_Magini:
Yarana, jikana ne ke karanta mini yana rubuta abin da na ce. Ina jin ku kuna ta Lozan, Lozan. Kun san laso? Kafin siminti ya zo, da me kuke jin ake shafe rijiyoyin marina, ruwan baba ya zauna ciki shekara da shekaru bai tsiyaye ba? Katsi ake kwasowa daga gindin marina, a busar, a ƙona, a daka, a haɗa da ruwan dafara da gashin jima daga majema. Shi ne laso. Da shi ake shafe rufin soron masu hali. Talaka kuma ya yi yaɓe da makuba, ta ɓawon ɗorawa. Tubali da birji, azara ta giginya wadda gara ba ta ci. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya bai san buhun siminti ba. Ku ce wa malaman jami'arku su zo su tambaye mu tun muna da rai.

Ɗalibin_Samaru:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa jin yadda ake laso ba sai yau, kuma a sashen gini nake.

Dan_Takari77:
Baba a gafarce ni, amma wannan masallacin na Zariya ba shi ne wani sashe ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023 ba, har aka rasa rayuka? Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa ba abin yabo ba ne a wannan zamani.

Baba_Magini:
Amin. Ɗana, ginin da ya tsaya tun shekarun 1830 kake magana a kai. Nuna mini ginin bulo ɗaya a unguwarku da kake jin zai kai rabin haka. Ginin ƙasa kamar doki ne, kullum yana son kulawa: yaɓe kafin damina, a duba indararo, kar ruwa ya kwanta a gindin bango. Benaye nawa na kankare suka rufta a Legas da Kano da Jos, wasu ma ba a gama su ba?

Ɗan_Tawa:
Gaisuwa daga Nijar. Baba ya yi gaskiya, kuma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. A Dandaji cikin jiharmu ta Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da inji ke matsewa, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Irin wannan tubalin ɗan siminti kaɗan ake sa masa don ya jure ruwa. Ga masallacin Yama na Falke Barmu da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, ga hasumiyar Agadas mai mita 27. Ka shiga ɗakin ƙasa da azahar a watan Afrilu, ka fito ka shiga na bulo da kwano, jikinka zai ba ka amsa.

Maman_Iman:
Ni dai ko wane irin siminti za a kawo, in ba a gyara halin masu buga bulo ba, aikin banza ne. Bara na sayi bulo dubu ɗaya a wani gidan bulo, wallahi da hannu yarona yake marmasa gefensa. Ashe buhu ɗaya suke bugawa ya fi hamsin, kuma ba sa ba shi ruwa, yau a buga jibi a loda. Katangar ba ta ga ƙarshen damina ba.

Birkila_Kurna:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mai inci tara in ya wuce talatin a buhu, an fara cin amana. Kuma ban ruwa kwana bakwai ba wasa ba ne. To Injiniya, shi wannan naku na yumɓu, yana son ruwa kamar wannan? Yaushe zan cire katakon dakin?

Injiniya_Sadiya:
Ya fi ma son a kula da shi. Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. A kwana ɗaya ko biyun farko bai kai na yau da kullum ƙarfi ba, sai wajen kwana bakwai yake kamo shi, zuwa 28 sun yi kunnen doki. Kwaɓinsa ya fi danƙo, kuma abin da nake tsoro ke nan a wurinmu: lebura zai ga ya yi tauri ya ƙara ruwa, ruwa kuwa in ya yi yawa ƙarfi ya tafi. A manyan ayyuka wani sinadari ake ɗigawa ya saki ba tare da ƙarin ruwa ba. Sannan in yumɓun na da ƙarfe a ciki, simintin kan fito ja-ja, sai an yi dabara wajen sanyaya shi kafin ya koma ruwan toka.

Mai_Shago_Singa:
Ja? To an gama. Mutanenmu da ke zaɓen siminti da ido, wanda ya fi duhu wai shi ya fi ƙarfi. Ka ajiye jan siminti a shago su ce ka haɗa da jar ƙasa.

Ɗalibin_Samaru:
Ai Rumawa ma da toka suka yi nasu, tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli, da farar ƙasa. Ƙubbar Pantiyon a Rum faɗinta mita 43, babu rodi ko ɗaya, kusan shekara 1900 tana tsaye. Akwai kuma wani sabon bincike na jami'ar Kambirij da ya fito a 2024, suna ɗaukar tsohon siminti daga rusasshen gini su sa a tanderun lantarki na narka ƙarfe, ya sake zama kilinka.

Dan_Takari77:
Tanderun lantarki? Mu da wayarmu ke kwana ba caji. Bar wannan a Kambirij tukuna.

Abu_Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu ginina na linta. Wato in na fahimta, abin gaskiya ne, amma ba lalle ya rage mini ko sisi ba. To tambaya ta ƙarshe: a garinmu akwai masu ƙona jan bulo, fasassun suna nan tuli ana zubarwa. In na sa aka niƙa mini na gauraya da siminti, ban yi LC3 ɗina na gida ba?

Injiniya_Sadiya:
Alhaji don Allah kar ka yi wannan a pila ko dakin ko linta. Ba ka san yawan kawolin da ke cikin ƙasar ba, ba ka san zafin da ta sha ba, kuma simintin da za ka saya an riga an rage masa kilinka. In kana so ka gwada, yi a daɓen tsakar gida, inda ko ya fashe ba zai faɗo wa kowa a ka ba. In rage kuɗi kake nema yanzu, duba shawarar Ɗan_Tawa: katanga da ɗakunan baya a yi su da matsattsen tubalin ƙasa, a ɗaga gindin da dutse ko bulo, a bar siminti ga inda nauyi yake.

Birkila_Kurna:
Ni dai sai na kwaɓa shi da hannuna na ga yadda yake bin cokali. Dan Ashaiman, in akwai mai zuwa Kano cikin masu goro, a saƙo mini ko rabin buhu, zan biya kuɗin mota.

Zango_Ashaiman:
Oga Birkila, rabin buhu daga Tema zuwa Kano, kuɗin motar sai ya sayi buhu biyu a Singa. Amma bari in tambayi direbobinmu.

Ɗalibin_Samaru:
Baba_Magini, in ba damuwa jikanka ya turo mini saƙo ta akwati. Ban zaɓi abin da zan yi bincike a kai ba tukuna, ina so in zo in ga yadda ake ƙona katsin nan.

Baba_Magini:
Ka zo da safe, bayan hantsi barci nake. Ka taho da buhu, kuma ka fara biyawa ta majema ka samo gashin, don yanzu shi ya fi katsin wuyar samu.